Faɗuwar Kasuwar NFT: Nazarin Abin da Aka Saya da Sunan da Aka Ba Shi

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 2021 ne masu ƙamus ɗin Ingilishi na Collins suka zaɓi NFT a matsayin kalmar shekara, saboda yadda ta mamaye bakin jama'a cikin 'yan watanni. Ba a cika shekara guda da yin wannan zaɓi ba sai kasuwar da kalmar take wakilta ta durƙushe. Alƙaluman da kafar labarai ta Bloomberg ta bayar sun nuna cewa cinikin da ya kai kimanin dala biliyan 17 a watan Janairu na 2022 ya sauko zuwa dala miliyan 466 a watan Satumba, wato raguwar kashi 97 cikin ɗari. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana irin hajar da ake sayarwa a wannan kasuwa da dalilan faɗuwarta, tare da nuna cewa wani ɓangare na ruɗanin ya samo asali ne daga kalmar "mallaka", wadda aka ɗora wa nauyin da ba nata ba.

2.0 Ma'anar NFT

Haruffan nan uku taƙaitawa ce ta wani suna na Ingilishi mai nufin shaidar da ba a musanya ta da irinta. Masana tattalin arziki sukan kasa dukiya gida biyu. Akwai wadda kowane ɓangarenta yake iya maye gurbin ɗan'uwansa, kamar kuɗi ko hatsi, domin wanda ya ranci mudun gero ba a tsammanin ya dawo da ainihin ƙwayoyin da ya karɓa. Akwai kuma wadda ba ta da madadi, kamar doki ko gona, inda wanda ya ari wani doki bai isa ya dawo da wani daban ya ce ya fita haƙƙi ba. NFT yunƙuri ne na shigar da hoton kwamfuta cikin rukuni na biyu, alhali kuwa ɗabi'ar irin wannan hoto ita ce a kwafe shi sau dubu ba tare da an iya bambance na farko da na ƙarshe ba.

Dabarar da aka bi ita ce amfani da abin da za a kira kundin sarƙa a nan. Littafin lissafi ne wanda dubban kwamfutoci a sassan duniya suke riƙe da kwafinsa, kuma kowane shafi nasa yana ɗauke da wata lamba da aka ciro daga shafin da ya gabace shi, ta yadda duk wanda ya taɓa tsohon shafi sai sarƙar ta tsinke, a gane. Mafi yawan NFT a kundin Ethereum aka rubuta su. Abin da ake rubutawa kuwa bai taka kara ya karya ba: lambar shaidar, da asusun da yake riƙe da ita, sai kuma adireshin wurin da hoton yake a intanet. Shi kansa hoton ba kasafai yake shiga kundin ba, saboda tsadar ajiya a cikinsa.

3.0 Bunƙasar Kasuwar

Akan danganta shaidar farko ta wannan nau'i ga Kevin McCoy, wanda ya yi rajistar wani zane mai suna Quantum a 2014. A watan Yuni na 2017 kamfanin Larva Labs ya fitar da ƙananan fuskoki 10,000 da ake kira CryptoPunks, ya raba mafi yawansu kyauta. Daga nan al'amarin ya ci gaba da tafiyar hawainiya har zuwa lokacin annobar korona, sa'ad da mutane suke kulle a gida, kuɗin ruwa a Amurka ya kusa komawa sifiri, farashin kuɗin intanet kuma yake ta hauhawa.

Ranar 11 ga Maris 2021 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da wani aiki na Mike Winkelmann, wanda aka fi sani da Beeple, a kan dala miliyan 69.3, bayan an buɗe tayi da dala 100 kacal. Aikin haɗakar hotuna 5,000 ne da ya zana ɗaya bayan ɗaya a kowace rana. Abin lura a nan shi ne cewa mai sayen, Vignesh Sundaresan, ya riga ya tara wasu ayyukan Beeple tun kafin gwanjon, har ya kasa su hannun jari yana sayarwa; ke nan tsadar cinikin ba ta rasa amfani gare shi ba. A cikin wannan wata ne kuma Sina Estavi ya sayi shaidar saƙon farko da Jack Dorsey ya rubuta a Twitter a kan dala miliyan 2.9. Wata guda bayan haka kamfanin Yuga Labs ya fitar da hotunan birai 10,000 na Bored Ape Yacht Club. Guguwar ta iso Nijeriya ma, domin a watan Oktoba na wannan shekara Christie's ya yi gwanjon ayyukan Osinachi, wani mai zane haifaffen Aba da yake aiki da manhajar Microsoft Word.

4.0 Dalilan Faɗuwa

Dalili na fili shi ne ƙafewar kuɗi. Babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa a watan Maris na 2022, har ya haura kashi 5 cikin ɗari a 2023, sai masu jari suka janye daga duk wata harka mai kasada. Kuɗin Terra ya rushe a watan Mayu na 2022, kasuwar musaya ta FTX ta bi sahu a watan Nuwamba. Kuɗin Ether, wanda da shi ake yi wa yawancin NFT farashi, ya faɗo daga kimanin dala 4,800 a Nuwamba 2021 zuwa ƙasa da dala 1,000 a Yuni 2022. Saboda haka mai riƙe da shaida ya sha duka biyu: adadin Ether da ake taya masa ya ragu, darajar shi kansa Ether ɗin ma ta ragu.

To, amma ƙafewar kuɗi ta shafi hannun jari da gidaje ma, ba su kuwa rasa masu saye baki ɗaya ba. Bambancin shi ne gida yana kawo haya, kamfani yana kawo riba, ita kuwa shaidar hoton biri ba ta haifar da komai. Darajarta ta rataya ne kacokan a kan zaton cewa gobe wani zai taya fiye da yau. Da zaton ya kau, sai aka rasa madogara. A watan Afrilu na 2022 Estavi ya fito da shaidarsa kasuwa yana neman dala miliyan 48, amma har wa'adin gwanjon ya cika tayi mafi tsoka bai wuce kimanin dala 280 ba. Birin da mawaƙi Justin Bieber ya saya a kan kusan dala miliyan 1.3 a Janairu 2022 an ƙiyasta shi ƙasa da dala 60,000 a tsakiyar 2023.

Bugu da ƙari, ƙarancin da aka yi ta tallatawa bai tabbata ba. Gaskiya ne kowace shaida ita kaɗai ce, amma babu abin da ya hana kowa buga sababbi 10,000 a yini guda, haka kuwa aka yi. Wani bincike da dappGambl ya fitar a Satumba 2023 ya duba tarin NFT 73,257, ya tarar 69,795 daga cikinsu ba su da wata daraja a kasuwa. Akwai kuma cinikin gangan, inda mutum ɗaya yake buɗe asusu biyu yana sayar wa kansa, ko don ya ɗaga farashi ko don ya ci ladan da wasu kasuwanni irin su LooksRare suke bai wa masu yawan ciniki. Wannan yana nufin cewa ko alƙaluman lokacin bunƙasar ma sai an karanta su da taka-tsantsan.

Masu zane su ma ba su tsira ba. An kwaɗaita musu cewa duk lokacin da aikinsu ya sauya hannu za a yanka musu wani kaso, abin da kasuwar zane ta gargajiya ba ta cika yi ba. Sai dai kason bai zama tilas a cikin kundin ba, alfarma ce daga dillalai. Da gasa ta yi zafi bayan buɗe kasuwar Blur a Oktoba 2022, sai OpenSea, wadda ita ce babbar kasuwa a lokacin bunƙasar, ta sanar a Agusta 2023 cewa biyan kason ya zama ganin dama.

5.0 Kalmar "Mallaka"

A nan ne batun ya fi shafar manazarcin harshe. Hausa tana bambance mallaka da riƙo da ajiya da aro da jingina, kuma kowace kalma tana fayyace iyakar ikon mutum a kan abin da yake hannunsa. Wanda ya mallaki abu yana iya hana wani amfani da shi, yana iya ɓoye shi, yana iya halaka shi. Idan aka auna mai sayen NFT da wannan ma'auni za a ga cewa bai isa ya hana kowa kallon hoton ko kwafarsa ba. A mafi yawan lokuta kuma izinin bugawa da sayar da kwafi yana nan a hannun mai zanen, sai fa inda aka yi wata yarjejeniya ta daban, kamar yadda Yuga Labs ya bai wa masu birai izinin kasuwanci da su. Abin da ya mallaka a haƙiƙa layi ɗaya ne a cikin kundi, da ikon miƙa wannan layi ga wani.

Mai fassara zuwa Hausa yana da ƙarin tarko a gabansa, domin "haƙƙin mallaka" shi ne abin da aka saba bugawa a farkon littattafan Hausa da nufin ikon marubuci a kan aikinsa. Duk wanda ya fassara NFT da "shaidar haƙƙin mallaka" ya bai wa mai saye ainihin abin da bai saya ba. "Shaidar rajista" ta fi kusa da gaskiyar lamarin, ko da yake ba ta da armashin da zai sa a biya miliyoyi, wanda wataƙila shi ne dalilin da ya sa 'yan kasuwar ba su zaɓi makamanciyarta a Ingilishi ba.

Raunin wannan mallaka ya fito fili ne sa'ad da kamfanoni suka fara naɗe tabarmarsu. Meta ya sanar a Maris 2023 cewa zai cire NFT daga Instagram da Facebook. A Disamba 2024 aka sanar da rufe RTFKT, reshen kamfanin Nike, kuma a Afrilu 2025 hotunan CloneX na wannan reshe suka ɓace na ɗan lokaci saboda matsala a wurin da aka ajiye su. A lokacin shaidun suna nan daram a kundin sarƙa, amma adireshin da suke nunawa ba ya kai mutum ga hoton.

6.0 Gwajin Damien Hirst

Ba daidai ba ne a ce zanen kwamfuta ya mutu tare da kasuwar. A 2023 cibiyar Pompidou ta Faransa ta karɓi wasu ayyukan NFT cikin taskarta, gidan zane na MoMA da ke Amurka kuma ya karɓi wani aiki na Refik Anadol. Har yanzu ana ciniki, sai dai a da'ira ƙarama.

Wani mai zane ɗan Ingila, Damien Hirst, ya auna zukatan masu saye tun kasuwar tana ganiyarta. A watan Yuli na 2021 ya fitar da zane-zane 10,000 a kan takarda, kowanne da shaidarsa, a kan dala 2,000, da sharaɗin cewa bayan shekara guda kowa zai zaɓi ɗaya: ko takardar ko shaidar, a halaka wanda aka bari. Da wa'adi ya cika, an zaɓi takarda a guda 5,149, an zaɓi shaida a guda 4,851, kuma 1,000 daga cikin waɗannan na shi Hirst ɗin ne da kansa. A watan Oktoba na 2022 ya fara ƙona takardun da aka bari, a bainar jama'a, a wani gidan nuna zane da ke Landan.