Hasken Da Ke Tona Asirin Dafi Cikin Gyaɗa

'Yan'uwa manoma, a shekarar 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Brazil. Da masana suka bincika, sai suka tarar da dafi wanda wata irin fumfuna take zubawa cikin gyaɗa da masara. Sunansa aflatoksin. Yana lalata hanta, yana kawo ciwon daji, suya da dafuwa kuwa ba sa kawar da shi. A 2004 ya kashe mutum 125 a Kenya, ta wurin masara.

Ido ba ya ganin wannan dafi. Amma in aka haska shi da fitilar ultrabayolet cikin duhu, sai ya yi ƙyalli. Manyan irinsa huɗu ne: B1 da B2 suna ƙyallin shuɗi, G1 da G2 na kore.

To, ga wuyar. Cikin gyaɗa akwai waɗansu abubuwa da yawa masu ƙyalli, hasken duka kuwa a gauraye yake fitowa. Ko ƙyallin da akan gani a jikin masara mai fumfuna ba na dafin kansa ba ne, na wani abu ne dabam da fumfunar take yi. Domin haka masana sukan niƙa hatsin, su tatsi ruwansa, su sa cikin na'ura. Na'urar takan haska shi da haske iri iri, ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta launi da ƙarfin ƙyallin da ya komo.

Daga nan sai lissafi. Akan fara ba kwamfuta awon gauraye-gauraye waɗanda aka riga aka san yawan dafin da ke cikinsu, har ta gane alamar kowane iri. In an kawo sabon samfur, sai ta rarrabe hasken, ta faɗi yawan kowanne, kamar yadda makiyayi yake sanin kukan kowace saniyarsa cikin garke. Wani masani ɗan Suwidin, Svante Wold, shi ya raɗa wa wannan ilimi suna kemometirik a 1971.

Me ya shafe mu? Ƙasashen Tarayyar Turai ba sa karɓar gyaɗar ci in dafin ya wuce giram 4 cikin tan 1,000. 'Yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su jawo a ƙi kayan ƙungiya duka.

Saboda haka mu cire gyaɗa da zarar ta nuna. Mu shanya ta bisa tabarma har ta bushe sarai. Mu tsince ruɓaɓɓu da motsattsu mu binne, kada mu yi ƙuli-ƙuli da su ko mu ba kaji. Mu ɗora buhuna bisa katako. In za a kai samfur awo, mu ɗebo daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, gama na'ura abin da muka kai mata kaɗai take aunawa.