Babi na Tara: Ɗaukar Kaya a Ka da Ilmin Motsin Jiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Gwaram ran da kasuwar Sara ke ci, ya ga matan Fulani sun jero da ƙoren nono bisa gammo, wuya a miƙe, hannu a sake, ko ɗigo ba ya zuba, to lalle ya ga wata mas'ala wadda malaman wannan fanni suka daɗe suna bahasi a kanta, tun bayan da littafin Borelli na ƙasar Italiya ya fito a 1680, inda ya ɗora motsin gaɓoɓi bisa mizanin lissafi.

Abin da tahaƙiƙi ya tabbatar shi ne, a kowane taku cibiyar nauyin mutum, wadda ke daura da ƙugu, takan hau bisa ƙafar da ta kafu har gudunta ya ragu, sa'an nan ta gangaro gaba, ƙarfin gangarowar ya cilla ta zuwa hawa na gaba, tamkar lilo. Ta wannan hikima ta Mahalicci jiki kan maido da kimanin kashi 65 cikin ɗari na ƙarfin, tsoka ta biya ragowar. A 1986 Maloiy da Heglund da abokan aikinsu suka auna numfashin matan Luo da Kikuyu a Kenya, suka tarar suna ɗaukar humusin nauyin jikinsu a ka, ko rataye da igiya a goshi, ba tare da ƙarin wahala ba, daga bisani kuma aka kafa hujja da cewa lilon nasu ya fi na sauran mutane daidaito idan sun ɗauki kaya.

Sai dai malamai sun yi saɓani, domin binciken da aka yi a kan matan Xhosa a Afirka ta Kudu bai samu wannan rangwame ga galibinsu ba, alhali kuwa da yawansu sun koka da ciwon wuya. A ganina wannan ƙaulin ya fi cancantar kulawa, gama gammo yana baza nauyi ne bisa ƙoƙon kai kawai, ba ya rage abin da ke sauka kan ƙasusuwa bakwai na wuya. Saboda haka ɗalibin da ya karanci gashin ƙashi a Jami'ar Bayero, in aiki ya kawo shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wajibi ne ya tambayi mai ciwon wuya nauyin tulunta, da nisan rijiya, da shekarun da ta fara ɗauka.