Nawar Kwamfutar Tafi-da-gidanka a Karkarar Arewacin Kano: Dalilanta da Hanyoyin Gano Su

1.0 Gabatarwa

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama kamar fartanya ga ɗalibin wannan zamani. Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan bisa kwamfuta, yaron ƙauye ma bai da makawa sai ya san ta. Ɗalibin Hausa kuwa a cikinta yake buga kundinsa, a cikinta yake adana muryoyin tsofaffi da makaɗan da ya ɗauko wajen bincike, waɗanda wasunsu in aka koma ba lalle a tarar da su a raye ba.

Akwai wata matsala da ta addabi masu aiki da wannan na'ura a ƙasashen Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa, watau mutum ya kunna ta ta tashi garau, amma bayan ɗan lokaci ta fara jan ƙafa, har a buga harafi a zauna jiran fitowarsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abubuwan da ke jawo haka, da yadda mai na'ura zai rarrabe su da kansa kafin ya nufi wurin mai gyara, domin masu iya magana sun ce sai an san ciwo ake neman magani.

2.0 Yanayin Wurin

A shekarar 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar da nazarinsu game da karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa har gona ba ta samun hutu, kowace shekara sai an noma ta. Wannan tsarin noma ya shafi zancenmu. Da an yi girbi sai a kwashe kara, a ɗaure harawa, dabbobi su kiwace abin da ya rage, ƙasa ta zauna tsirara har faɗuwar ruwa. Ga ƙaiƙayin sussuka da shiƙa yana yawo cikin iska. Sa'an nan hunturu ya zo da nasa hazon daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi, tun daga wajen Nuwamba har Fabrairu ko Maris.

Da hunturu ya wuce sai bazara ta kama. A watan Afrilu zafin rana a Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Alhali manyan kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori, irin su HP da Dell da Apple, digiri 35 suka sa a matsayin iyakar zafin wurin da ya kamata a yi aiki da yawancinsu. Daɗin daɗawa, akasarin na'urorin da ke hannun ɗalibai na hannu ne, sun riga sun ci shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso kasuwannin Legas da Kano. Wutar da ake cajinsu da ita kuma sau da yawa ta janareta ce ko ta sola.

3.0 Zafi

Zafi shi ne na farko da ya kamata a tuhuma. A cikin na'urar akwai wani ɗan guntun ƙarfe da ake kira furosesa, shi ne mai yin dukan lissafi, kuma gwargwadon aikinsa gwargwadon zafin da yake fitarwa. An ɗora masa bututun tagulla wanda ke jan zafin zuwa wasu siraran haƙora kamar na matsefi, fanka kuma tana hura iska ta tsakaninsu zuwa waje. Tsakanin furosesa da tagullar akwai wani mai kauri da ake shafawa domin zafi ya ratsa sosai.

Maƙeran sun tsara furosesa yadda idan zafinsa ya doshi digiri 100 zai rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Duk wanda ya taɓa ganin jakin da aka ɗora wa mangalar taki zai gane wannan. Da sanyin safiya yakan tafi da sauri, amma idan rana ta take sai ya rage tafiya, duka kuma ba ya ƙara masa kome. To, ƙura da ƙaiƙayi da zaren tufafi su ne ke taruwa a bakin haƙoran nan har su zama kamar auduga, iska ta kasa wucewa. Man nan kuma yakan bushe bayan shekaru. Ƙurar da hunturu ya tara ba ta cika nuna kanta ba sai bazara, shi ya sa mutane da yawa suke cewa na'urarsu lafiya lau take sai da zafi ya shigo.

Alamomin wannan ciwo a fili suke. Fanka tana kuka ba ƙaƙƙautawa, gindin na'urar ya yi zafi, iskar da ke fita ta gefe ba ta da ƙarfi, wani lokaci ma na'urar ta mutu farat ɗaya. Gwajinsa shi ne a kashe ta a ajiye a inuwa kamar rabin sa'a. Idan ta dawo da saurinta, sa'an nan ta sake yin nawa bayan ta ɗumama, to zafi ne.

Maganin farko ba ya cin ko kwabo. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma ko filo, domin ƙofofin shan iskarta a ƙasa suke. A sami katako ko tebur, a ɗan ɗaga bayanta da murafan kwalba biyu. Aiki mai nauyi a bar shi sai bayan asuba ko bayan lisha. In an gama a sa ta cikin jaka a rufe. Sau ɗaya a shekara, bayan wucewar hunturu, a kai wa wanda ya iya ya buɗe ta ya share haƙoran, ya duba ko man ya bushe. Mai hura mata iska ya riƙe fankar da yatsa, don juyawa fiye da kima tana lalata ta. Kada kuma a sa ta cikin firji ko a shimfiɗa mata jiƙaƙƙen tsumma, gama laima ta fi zafi ɓarna.

4.0 Cikar Wurin Aiki

Na'urar tana da ma'ajiya iri biyu. Ɗaya kamar rumbu take, inda kome ke zaune ko an kashe wuta. Ɗayar kuwa, wadda ake kira ram, kamar tabarmar da ake baza hatsi a kai ce yayin aiki. Duk manhajar da aka buɗe sai ta ɗauki wuri a tabarmar. Idan ta cika, dole na'urar ta riƙa mayar da wani abu rumbu tana ɗebo wani, wannan kai da kawowa kuwa shi ne nawar da ake gani.

Yawancin tsofaffin na'urori ram ɗinsu gigabayit 4 ne, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke bukata don kanta. Ɗalibi kuwa ya buɗe kundinsa, ga littattafai uku, ga shafukan intanet goma, ga muryar da yake saurare yana rubutawa. Bugu da ƙari, wasu manhajoji sukan ci gaba da cin wuri muddin suna buɗe, ba sa sakin abin da suka gama da shi.

Ana gane wannan ta danna Ctrl da Shift da Esc tare, sai allon Task Manager ya fito ya nuna abin da kowace manhaja ta ci. Idan ram ya haura kashi 90 cikin 100, an sami mai laifi. Bambancinsa da zafi shi ne, da an sake tayar da na'urar take warkewa nan take ba tare da ta huce ba. A nan akwai abin lura. Tun daga Windows 8, umarnin Shut down ba ya share tabarmar gaba ɗaya, yakan adana wani sashe don saurin tashi, umarnin Restart ne ke sharewa tas. Sauran magani shi ne rufe abin da ba a bukata, da hana manhajoji marasa amfani tashi tare da na'urar, da ƙara ram zuwa gigabayit 8 in tana karɓa.

5.0 Caja da Batir

Wannan shi ne dalilin da aka fi mantawa da shi. Kowace na'ura tana da ƙarfin cajar da aka yi ta da shi, wata wat 45, wata 65, wata 90, kuma a rubuce yake a jikin cajar. Wasu na'urori, musamman na Dell, sukan tantance cajar da aka sa musu ta wani siririn tsinke da ke tsakiyar bakinta. Idan ba su gane ta ba, ko ƙarfinta ya gaza, sai su rage gudu. A wurin cajin kuɗi, inda cajoji ke cakuɗewa, da kasuwar da jabu ya yi yawa, wannan ba baƙon abu ba ne. Haka kuma idan batir ya yi ƙasa, Windows takan rage aiki don ya daɗe.

Gwajin mai sauƙi ne: a zare caja a gani, a mayar a gani, a kuma ari caja ta asali a gwada. Idan saurin yana canzawa da haka, to matsalar ta wuta ce. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai kuwa a daina aiki da shi nan da nan, domin yana iya kamawa da wuta.

6.0 Rumbun Ajiya da Ƙwayoyin Cuta

Tsohon rumbu faifai ne mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti, da allura mai karanta shi. Girgizar babur a kan hanyar burji tana yi masa illa, musamman in an ɗauki na'urar ba a kashe ba. Idan ya fara gazawa sai Task Manager ya nuna shi a kashi 100 alhali ba a aikin kirki, wani lokaci a ji yana ƙas-ƙas. Wanda ya ji haka ya ajiye kome ya kwafe aikinsa tukuna. Sabon rumbu da ake kira SSD ba shi da abin juyawa, ya ninka tsohon sauri, kuma sauya shi yakan farfaɗo da tsohuwar na'ura ƙwarai.

Ƙwayar cuta kuwa filashi ne babban mai yaɗa ta, daga shagon buga takardu ko wurin tura finafinai. Alamarta ita ce a ga wata manhaja da ba a sani ba tana cin ƙarfin furosesa. Ya kamata a sani cewa kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a watan Janairu 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025, saboda haka tsofaffin na'urori sun fi zama cikin haɗari. Wani abin kuma, da an haɗa na'ura da intanet ɗin waya takan shiga sauko da sabuntawa a ɓoye, ta yi nawa ta kuma cinye data. Ana rage wannan ta nuna mata cewa layin na awo ne.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa lokacin da nawar ke zuwa, da abin da ke kore ta, su ne ke tona asirinta. Wadda hutu a inuwa ya kore ta zafi ce, wadda Restart ya kore ta ram ce, wadda ke bin caja ta wuta ce, wadda ba ta jin ko ɗaya kuwa a binciki rumbu da ƙwayar cuta. A riƙa gwada abu ɗaya a lokaci guda, don in an canza uku tare ba za a san wanda ya yi magani ba.

Wannan sani yana da muhimmanci domin abin da wasu masu gyara suka fi saurin yi shi ne goge na'ura a sake zuba mata Windows. Hakan ba ya fitar da ƙura daga fanka, amma yana iya tafiya da aikin shekara guda. Saboda haka kafin na'ura ta bar hannun mai ita, ya ajiye kundinsa da muryoyin da ya ɗauko a wuri biyu, ɗaya a filashi mai tsabta, ɗaya a akwatin imel ɗinsa. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.