Ciwon da ke ɓoye ƙarƙashin haƙorin Makka, da rigimar kuɗin gyaransa

A ƙasar Kurfai, daga Cikal har cikin garin Filinge, haƙorin Makka shaida ce. Hajiya ta dawo daga sauke farali, ta yi murmushi, zinariya ta haska, ba sai an tambaya ba. Ban da alhazai, akwai ma'aikata da ƴan kasuwa masu zirga-zirga zuwa Yamai, waɗanda haƙori ya fashe musu aka sa masa murfin ƙarfe ko na tangaran. Yawancinsu sun ɗauka an gama da wannan haƙori har abada. Sai bayan shekaru, wani dare, ya soma zogi, dasashi ya kumbura, kuma da an je wurin likitan haƙori a ji magana biyu masu nauyi: sai an kashe jijiya, kuma ga abin da za a biya.

Murfi ba ya hana haƙori ruɓewa. Wani lokaci ma shi ke jawo ta. Kafin a sa shi, sau da yawa sai an goge haƙorin an rage masa kauri, kuma zafin gugar nan na iya raunata jijiyar da ke ciki, ta yi ta mutuwa a hankali ba tare da mai ita ya sani ba. Haƙorin Makka yana da tasa matsalar daban, domin galibi a kan lafiyayyen haƙori ake ɗora shi, a shago, cikin gaggawar masu shirin komawa gida. Idan bakin murfin bai zauna daidai da dasashi ba, akwai ƴar kafa da ta rage. Nan sukarin shayi da guntun goro da ragowar fura ke maƙalewa, inda asuwaki ba ya kaiwa. Gam ɗin da aka manna da shi ya narke a hankali, ƙwayoyin cuta su shiga su yi ta ci. Kamar rumbun da gara ta cinye ta ciki ne, jinkarsa kuwa tana nan lafiya lau.

Aikin gyaran ba ƙaramin aiki ba ne, kuma rashin sanin yadda yake shi ne rabin rigimar. Likita zai yi allurar kashe zafi, ya huda murfin, ya bi ramin har cikin saiwa. Da wasu siraran allurai masu kaifi yake kankare matacciyar jijiyar, ya wanke ramin da ruwan magani sau da yawa, ya busar, sannan ya cike shi da wata irin roba, ya toshe hudar. Haƙorin gaba yawanci rami ɗaya gare shi. Turmi kuwa rami uku ne gare shi ko huɗu, wasu a karkace, shi ya sa aikinsa ya fi tsada kuma ya fi cin lokaci. Idan akwai mugunya, ba a rufewa a rana ɗaya: a sa magani, a ce mutum ya dawo.

A nan ne murfin ke rikita lissafi. Hoton radiyo ba ya ratsa ƙarfe. Yana nuna baƙin tabo a ƙarshen saiwa, amma ba ya nuna iyakar ɓarnar da ke ƙarƙashin murfin. Likita na iya somawa da niyyar huda kawai, ya buɗe ya tarar haƙorin ya zama gari, dole a cire murfin, a kafa ginshiƙi a cikin saiwa, a ƙera sabo. Na tangaran kuma yakan tsage wurin huda. Majinyacin da ya zo da kuɗin aiki ɗaya sai ya ga an lissafa masa kuɗin gani, kuɗin hoto biyu ko uku, kuɗin kashe jijiya, kuɗin ciko, kuɗin sabon murfi, ga kuɗin maganin da aka rubuta a ordonansi a sama. Sai ka ji ana cewa, "Lokotoro, ai ba haka muka yi da kai ba." Shi kuma ya ce, "Baba, sai da na buɗe na gani."

Sau da yawa dukansu biyun gaskiya suke faɗa. Allurai da roba da maganin kashe zafi duk daga waje ake shigo da su, kuma kujerar aiki ba ta motsi sai da wuta. Amma ban yarda cewa wannan ya wanke likita ba. Shi ya san tun farko cewa murfi na iya ɓoye ɓarna. Wanda bai sani ba shi ne mutumin da ke kwance baki buɗe, wanda ba ya ganin abin da ake yi masa, kuma takardar da za a miƙa masa da Faransanci take. Idan ba a gaya masa kafin a taɓa shi cewa kuɗin na iya zama kaza ko ya kai kaza ba, an sa shi cinikin biri a sama. Kuma inda babu takardar ƙiyasi a rubuce, mai gaskiya da mai ƙara abin da bai yi ba duk kamarsu ɗaya a idon majinyaci.

Ga Bakurfaye, kuɗin likita ɓangare ne kawai. Likitocin haƙori a Nijar kaɗan ne, kuma akasarinsu a Yamai suke, wajen kilomita 180 daga Filinge ta hanyar Baleyara. Kowane "ka dawo mako mai zuwa" yana nufin kuɗin mota zuwa da dawowa, da kwana a gidan dangi, da barin gona ko rumfa, a kan hanyar da matsalar tsaron jihar Tillaberi ta sa ba a binta da sakin jiki. Idan abin ya faɗo a damina, lokacin noman hatsi, kusan ba mai komawa. Rabin aiki kuwa haɗari ne: cikon wucin gadi ya faɗi, ramin ya sake cika da ƙwayoyin cuta, haƙorin da aka riga aka biya wa kuɗi ya ƙare a cirewa.

Tsarin biyan kuɗin jinya bai taimaka ba. Tun bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987, majinyaci ke ɗaukar wani kaso na kuɗin magani a ƙasashen yankin. Jinya kyauta da Nijar ta kawo a 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Ragin rabin kuɗin jinya da gwamnati ta sanar a watan Agustan 2024 ya tsaya ga asibitocin gwamnati, alhali mai neman a ceto haƙori mai murfi sau da yawa a asibitin kuɗi yake ƙarewa. Manomi da makiyayi kuwa ba su da inshora. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, kuma uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke.

Sakamakon a bayyane yake. Wanda ya ji labarin maƙwabcinsa da aka ninka wa kuɗi ba zai je ba. Zai cusa kanumfari, ya sayi amoksisilin da maganin zogi wurin mai tallan magani a kasuwa. Zogin ya lafa, domin jijiyar ta ƙarasa mutuwa, shi kuma ya ɗauka ya warke. Mugunyar tana can tana cin ƙashin muƙamuƙi. Idan ta gangara ƙarƙashin haɓa har ta danne maƙogwaro, magana ta koma ta ceton rai, musamman ga mai ciwon sukari. Wasu kuma su ce a cire kawai a huta, har da haƙorin da zai iya ƙara shekaru yana tauna.

Abin da majinyaci ke da haƙƙin nema ba shi da tsada. A nuna masa hoton, a gaya masa rami nawa haƙorin ke da shi da zuwa nawa aikin zai ci. A rubuta masa farashi biyu, na idan murfin ya tsira da na idan sai an sake shi, a karanta masa da Hausa ko Zabarmanci, a ba shi rasit a kowane biya. Ga wanda ya zo daga Kurfai, a haɗa masa zuwan yadda zai rage hawa mota.

Haƙorin Makka kuwa, wurin maganarsa shi ne kafin tafiya. Maniyyata duk suna bi ta wurin allurar rigakafin sanƙarau da taron bita. Hukumar COHO mai shirya aikin Hajji da kamfanonin jigilar alhazai za su iya sa ma'aikacin lafiya ya faɗa musu a nan cewa kada su yarda a goge lafiyayyen haƙori, kuma wanda ya dawo da murfi ya je a duba bakinsa ko da bai ji ciwo ba.