Jibiya: Kusa da Iyaka, Nesa da Gwamnati

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Jibiya, ya wuce Magama ya shiga Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijar, ba zai ce babu gwamnati a wannan yanki ba. Gwamnati tana nan birjik a bakin titi, sanye da kaki iri-iri, tana ɗaga hannu tana tsayar da motoci a shingayen da direbobi suka daɗe suna kuka da yawansu, a tafiyar da ba ta kai kilomita 60 ba. Sai mutum ya sauka daga kwalta ya shiga cikin unguwanni da ƙauyuka, ya nemi famfon da ke zubo ruwa ko ɗakin shan maganin da ke da magani a ciki, sannan zai fahimci cewa gwamnatin da ke karɓa ta fi gwamnatin da ke bayarwa saurin isowa bakin iyaka.

A cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Jibiya akwai wadda ake kira Kusa. Sunan ya daɗe yana ba ni dariya mai ciwo, domin mutumin Kusa yana da kansila, yana da ɗan majalisar dokoki a Katsina, yana da ɗan Majalisar Wakilai na mazaɓar Jibiya da Kaita, ga kuma sanatan Katsina ta Tsakiya. Mutum huɗu ke nan da ya shiga layi cikin rana ya dangwala wa ƙuri'a domin su riƙa tambayar masu riƙe da baitulmali a madadinsa. Abin da nake son mu duba tare da mai karatu shi ne: idan waɗannan mutane sun yi tambaya, wa yake amsa musu?

Bari mu fara da misalin da babu mai gardama a kansa. A watan Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya a ƙarƙashin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasar nan na tudu, da nufin daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. Ana cikin wannan hali, a watan Nuwambar shekarar, Hukumar Kwastan da Kanar Hamid Ali mai ritaya yake shugabanta ta ba da umarnin hana kai man fetur duk wani gidan mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga kan iyaka. Garin Jibiya kacokan ya faɗa cikin wannan da'ira. Mai injin niƙa da mai kabu-kabu da manomin ranin da ke ban-ruwa da inji duk suka koma hannun 'yan bumburutu, a farashin da ya ninka na Katsina, alhali ba su yi wa kowa fasa-ƙwauri ba.

Wakilin yankin a Majalisar Wakilai, Honorabul Sada Soli, ya yi abin da aka zaɓe shi domin ya yi. Ya gabatar da ƙudurin gaggawa cikin watan na Nuwamba, majalisa ta amince, ta kuma nemi a janye umarnin. Jaridu suka buga, gidajen rediyo suka yaɗa, mutanen iyaka suka ce kakarmu ta yanke saƙa. To, me ya biyo baya? In ban da ɗan sassaucin da aka yi wa wasu tsirarun gidajen mai daga bisani, umarnin bai motsa ba. Sai ga shi a watan Yulin 2023, kusan shekara huɗu ke nan, bayan an ma janye tallafin man da aka ce shi ne dalilin hanin, wata sabuwar majalisar ta sake zama tana roƙon a ɗage wannan umarni dai. Wato takardar da shugaban wata hukuma ya sa wa hannu a ofishinsa ta fi ƙarfin muryar wakilai 360 da al'ummar ƙasa suka zaɓa.

Ita kanta iyakar haka aka yi ta wasa da ita kamar ƙyauren ɗakin gwauro. Da aka buɗe ta Illela da ta Maigatari a Disambar 2020, ta Jibiya sai a Afrilun 2022 aka tuna da ita. Ba a yi shekara ɗaya da rabi ba aka sake garƙame ta a Agustan 2023 saboda juyin mulkin da sojoji suka yi wa Shugaba Bazoum a Yamai, har sai Maris na 2024. A tsakanin nan, a Agustan 2021, wata motar jami'an Kwastan ta kutsa cikin jama'a a garin Jibiya ta hallaka mutum wajen goma, Allah Ya jiƙansu da rahama. Ba ina cewa gwamnati ba ta da hurumin tsare iyakarta ba ne. Amma garin da abincinsa ya rataya a kan kasuwa da zirga-zirgar Maraɗi ya cancanci a zo gaban wakilansa a faɗi abin da aka tanadar masa a madadin abin da aka toshe, a kuma faɗi ranar da za a sake duba matakin.

Masana shari'a za su ce ai ƙudurin majalisa shawara ce kawai, bai zama wajibi ɓangaren zartarwa ya yi aiki da shi ba. Gaskiya ne. Sai dai ba ƙuduri kaɗai ne makamin da ke hannun majalisa ba. Sashe na 88 da na 89 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba Majalisar Tarayya ikon bincikar duk wata hukuma da take kashe kuɗin da majalisa ta ware mata, da ikon kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani, har da ba da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisun jihohi irin wannan iko. Uwa-uba, babu hukumar da za ta taɓa ko sisi sai majalisa ta amince da kasafinta. Hukumar da ta yi kunnen uwar shegu da ƙudurin majalisa a Nuwamba, ita ce za ta zo da kanta kare kasafin kuɗinta a gaban kwamitin majalisar. A nan ne ya kamata a ce mata sai an yi maganar Jibiya tukuna. Abin da aka saba gani shi ne a gaisa, a yi raha, a ce shugaban hukuma ya rusuna ya tafi.

Dalilin wannan sanyin jiki ba ɓoyayye ba ne. Tun farkon wannan jamhuriya aka ƙirƙiro abin da ake kira ayyukan mazaɓu, inda ake ware wa 'yan Majalisar Tarayya kaso a cikin kasafi, wanda ya daɗe yana kan Naira biliyan 100 a shekara, su zaɓi ayyukan da za a yi a yankunansu ta hannun ma'aikatu da hukumomi. Shi kansa Shugaba Buhari ya faɗa a wani taron Hukumar ICPC a Nuwambar 2019 cewa an ware kimanin Naira tiriliyan ɗaya a kan waɗannan ayyuka cikin shekara goma, ba tare da an ga tasirinsu a rayuwar talaka ba. Ɗan majalisar da rijiyar burtsatsensa da kekunan ɗinkin da zai raba suke maƙale a teburin wani babban darakta, da wane baki zai tsare daraktan da tambaya? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu ma masu zaɓe muna da namu laifin, domin mun fi yaba wa wanda ya raba buhunan shinkafa da azumi a kan wanda ya kwana yana karanta rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi. Akwai ma hukuma sukutum da dokar 2003 ta kafa domin raya garuruwan bakin iyaka, amma da wuya ka ji wakili ya miƙe ya nemi a kawo lissafin abin da ta yi a Jibiya ko Kaita ko Mai'aduwa shekara bayan shekara.

Idan aka gangaro ƙasa lamarin ya fi muni, kuma a nan ne maganar ta fi shafar mutumin Kusa kai-tsaye. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da magudanan ruwa da kwashe shara, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya matakin farko. Domin waɗannan ayyuka ne ake ware wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga Asusun Tarayya. Tun 2004, zamanin da Dokta Ngozi Okonjo-Iweala take Ministar Kuɗi, aka fara buga kason kowace ƙaramar hukuma a jaridu wata-wata. Saboda haka sanin abin da aka rubuta da sunan Jibiya a Abuja ba shi da wahala. Inda gizo ke saƙar shi ne sanin abin da ya iso sakatariyar Jibiya bayan kuɗin ya ratsa ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 ya tanada, gwamnoni kuma suka mayar da shi aljihun gaba.

Wanda ya kamata ya yi wannan tambaya shi ne kansila. To amma a Jihar Katsina an yi shekara kusan bakwai babu zaɓaɓɓen kansila ko ɗaya. A 2015 Gwamna Aminu Bello Masari ya rushe shugabanni da kansilolin ƙananan hukumomi 34 da aka zaɓa a ƙarshen mulkin Ibrahim Shehu Shema, bisa zargin almubazzaranci da dukiyar jama'a. A watan Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa rushewar ta saɓa wa Tsarin Mulki, ta kuma umarci a biya su haƙƙoƙinsu. Ba a sake zaɓe ba sai a Afrilun 2022. Abin mamaki a nan shi ne Masari ya taɓa zama Shugaban Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, don haka babu wanda zai koya masa darajar zaɓaɓɓen wakili. Kuma kada a ɗauka cutar ta jam'iyya ɗaya ce. Gwamnonin kowace jam'iyya sun yi irin haka a jihohinsu.

A cikin waɗannan shekaru na babu kansila ne ambaliyar watan Yulin 2018 ta auka wa garin Jibiya cikin dare, ta ci rayuka fiye da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. A cikinsu ne kuma, a 2021, aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure aka katse layukan waya saboda 'yan bindiga. Duk wannan ya faru ba tare da akwai zauren da wakilin unguwa zai miƙe ya ce ina kuɗin magudanar ruwa, ko nawa aka kashe wa 'yan gudun hijirar da suka cika makarantu ba. Ga kuma madatsar ruwa ta Jibiya da aka gina a kan kogin Gada tun ƙarshen shekarun 1980, mai ɗaukar ruwa kimanin mita miliyan 142 na murabba'i mai zurfi, wadda ke hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Manomin da ke kallonta kullum bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba idan injinan tura ruwa suka tsaya, domin madatsar ta Tarayya ce, aikin gona na jiha ne, shi kuwa kansilansa ko kuɗin man babur ba ya da shi.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ba. An yi ta murna. Amma shekara guda bayan hukuncin ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE tana ta kukan cewa ba a fara aiwatar da shi yadda ya kamata ba. Ko da an aiwatar ɗin, ni ban ga abin da zai canja ba idan ciyaman ya maye gurbin gwamna wajen kashe kuɗi ba tare da mai tambaya ba. A zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 2025 jam'iyya mai mulki ce ta lashe duk kujerun shugabanni 34 a Katsina, kamar yadda ake yi a kusan kowace jiha. Kansilan da ya san cewa ba ƙuri'ar Kusa ce ta kawo shi ba, alfarmar wani babba ce, ba zai ɓata wa babban rai a kan maganar famfo ba.

Maƙwabtanmu da ke tsallaken Magama sun rasa majalisar dokokinsu tun juyin mulkin 2023, a 2024 kuma sojoji suka rushe majalisun garuruwa suka naɗa nasu mutanen. Su suna da uzurin yin shiru. Mu kuwa muna biyan albashi da alawus na wakilai a hawa uku. Abin da ba zai gagara ba, kuma ba ya buƙatar gyaran Tsarin Mulki, shi ne Majalisar Dokokin Jihar Katsina ta wajabta wa kowane shugaban ƙaramar hukuma ya karanta wa kansilolinsa abin da ya shigo da abin da ya fita a kowane wata, a buɗaɗɗen zama, da harshen Hausa, a kuma liƙa takardar a ƙofar sakatariya. Kwamitin kula da asusun jama'a na majalisar ya fito da rahoton Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi fili, a karanta shi a Rediyon Jihar Katsina. Su kuma wakilanmu na Abuja, ranar da shugabannin Kwastan da na Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima suka zo kare kasafin baɗi, a fara da tambayarsu maganar man fetur a Jibiya da maganar injinan madatsa kafin a buɗe shafin farko.