Yadda Ake Koyon Riƙon Makaranta a Hannun Tsohon Hedimasta

A ƙauyuka da yawa da muke zagayawa, idan an gama maganar taki da iri a taron ƙungiya, maganar da takan biyo baya ita ce ta makaranta. Wani ya ce malamai ba sa zuwa da wuri. Wani ya ce ɗansa ya kai aji biyar bai iya karanta wasiƙa ba. Wani kuma ya tambayi inda kuɗin masarar gonar makaranta ya shiga. Idan aka bi sawun waɗannan koke-koke, sau da yawa a ƙofar hedimasta suke tsayawa. Domin wannan muka ga ya kamata mu bayyana yadda ake shirya mutum domin wannan aiki, da abin da ƙungiyoyinmu za su iya yi a kai.

Inda wahalar ta samo asali

A shekarar 1976 gwamnatin Nijeriya ta fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowane yaro. Yara suka zo fiye da yadda aka zata, aka yi ta buɗe makarantu, har ya zama malamin da bai daɗe da barin kwaleji ba akan danƙa masa makaranta sukutum. A shekarar nan ce aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin a ƙara yawan malamai. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya, dokarsa kuma ta fito a 2004. Yanzu takardar NCE ita ce mafi ƙanƙanta da ake nema wurin malami.

Amma mu da muka bi ta kwalejin horon malamai mun san abin da ake koya a can. Ana koyon shirya darasi, da tsayawa a gaban allo, da bi da yara. Ana kuma tura ɗalibi makaranta ya gwada koyarwa. Duk wannan riƙon aji ne. Riƙon makaranta kuwa wani abu ne dabam, gama hedimasta yana bi da malamai, da iyaye, da dagaci, da mai duba makarantu, da kuɗi, da rufin da iska ta yaye. Wasu ƙasashe sun lura da haka. A jihohi da yawa na Amurka ba a ba mutum izinin shugabantar makaranta sai ya yi aiki na wani lokaci a ƙarƙashin gogaggen shugaba. Ingila ma ta fito da takardar horo ta musamman domin shugabannin makarantu a 1997.

Mene ne koyo a hannun babba?

Duk wanda ya taɓa horon shanun noma ya san dabarar. Ba a haɗa sababbin bijimai biyu a sake su cikin gona. Akan sa sabo a karkiya ɗaya da tsohon sa wanda ya san kunya, ya san juyawa a bakin gona. Haka nan ake yi da malamin da ake sa ran zai riƙe makaranta, namiji ne ko mace. Ana haɗa shi da hedimasta mai hankali na shekara guda ta karatu. Da fari yana kallo, sa'an nan su yi tare, daga baya ya yi shi kaɗai tsohon yana duba shi. Aikin da za a ba shi ya zama na gaske, wanda idan ya lalace za a gani. Aike da ɗaukar jaka ba koyo ba ne.

Zango na fari: lokacin kaka

Daga Satumba zuwa Disamba mai koyo ya san littattafan makaranta. Akwai rajistar ɗaukar sababbin yara, da rajistar kiran suna, da littafin da malamai ke sa hannu da safe, da littafin baƙi, da littafin kuɗi, da wanda ake rubuta muhimman abubuwan da suka faru a makaranta. Tsohon ya nuna masa yadda ake karanta su, domin rajista tana magana. Idan yaran aji shida suka ragu rabi a makon cire gyaɗa, ko kuwa 'yan mata suna ɓacewa kowace ranar kasuwa, a nan za a fara gani. Sai su tafi tare gidajen iyaye, mai koyo ya ji yadda ake yi wa magidanci magana ba tare da an kunyata shi ba.

Zango na biyu: lokacin rani

Daga Janairu zuwa wajen Afrilu a ba shi aikin duba koyarwa. Ya karanta shirin darasin malamai, ya zauna a bayan aji, ya kira yara kaɗan su yi masa karatu. Abu mafi wuya a nan shi ne yi wa malami gyara, balle wanda ya girme shi ko abokin wasansa. Wannan ba a samunsa a littafi, sai an ga yadda babba yake kiran mutum gefe, ya fara da yabon abin da ya yi daidai kafin ya taɓo inda ya kasa. A zangon nan kuma mai koyo ya shugabanci taron malamai ko da sau biyu ne, ya kuma rubuta wa hukuma wasiƙar gyaran rufi tun ruwa bai sauka ba.

Zango na uku: lokacin damina

Daga ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu zuwa Yuli shi ne gwaji, gama shuka da noman fari suna janye yara, wani lokaci har da malamai. A bar masa makaranta gaba ɗaya na mako biyu ko uku. Shi zai buga ƙararrawa, shi zai karɓi baƙi, shi zai raba rigima. A danƙa masa lissafin gonar makaranta, ya rubuta mudu nawa na iri aka saya, buhu nawa na taki, kowane da rasit. Ya shirya jarrabawar ƙarshen shekara, ya kuma tsaya a gaban iyaye ya karanta rahoto.

Zaman mako-mako

Abin da ke riƙe dukan shirin shi ne zama na awa guda kowane mako, su biyu kaɗai. Mai koyo ya zo da littafinsa inda ya rubuta abin da ya gani da abin da ya dame shi. Tsohon kada ya yi saurin ba da amsa. Ya tambaye shi, "Malam, da kai ne, yaya za ka yi?" Sa'an nan ya faɗi nasa dalili. Saboda haka ba kowane daɗaɗɗen hedimasta ne ya isa wannan aiki ba. A nemi wanda littafin kuɗinsa a buɗe yake, wanda ba ya kishin na baya, wanda kuma zai iya barin wani ya yanke shawara ko da ba irin tasa ba ce.

Ina ruwan ƙungiyar manoma?

Naɗa hedimasta ba aikinmu ba ne. A makarantar gwamnati, hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma da ta jiha ke yinsa, a makarantar ikilisiya kuwa kwamitin masu makarantar. Amma 'ya'yanmu ne a ciki, kuma da yawa cikinmu muna ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin kula da makaranta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga abin da za mu iya yi:

1. Mu tambaya da ladabi ko akwai wanda ake koya wa aiki, musamman idan hedimastanmu ya kusa ritaya.
2. Mu roƙi sakataren ilmi kada a ɗauke mai koyo kafin shekara ta cika.
3. Ma'ajin ƙungiya ya zauna da shi ya nuna masa yadda muke riƙe lissafin bashin taki.
4. Sa'ad da aka bar masa makaranta, mu kai masa maganarmu, kada mu tsallake shi mu tafi gidan tsohon da dare.
5. Mu daidaita ranakun gayya yadda ba za su kwashe yara daga aji ba.

Hedimasta yakan daɗe a wuri har yara da yawa su shiga aji ɗaya su fita aji shida a hannunsa. Shekara guda ta koyo ba ta yi yawa ba domin irin wannan amana.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

Idan aka ɗauke hedimastanmu gobe, wa ya san inda littattafan makaranta suke? A wane wata ne yaranmu suka fi fashin makaranta? Wa za mu aika ya kai wannan magana taron iyaye da malamai mai zuwa?