Masafar Kano da Sakkwato ta Sama, da Rabon Mutanen Gusau

Wanda duk ya ɗauko taswirar arewacin Nijeriya ya miƙa zare daga Kano zuwa Sakkwato zai tarar masafar kimanin kilomita 375 ce, kuma zaren ba ta kan Gusau zai bi ba, sai ya ratsa arewa da ita, wajejen Ƙaura Namoda. Amma mai mota, da yake ba shi da ikon tsallake duwatsu da gulabe yadda ya ga dama, tilas ya biyo ta Funtuwa, ya faɗo Tsafe, ya keta Gusau da Bunguɗu da Talatar Mafara, ya ci fiye da kilomita 500 kafin ya hango birnin Shehu.

To, mai hisabi zai ce, tun da manyan jiragen fasinja na zamani suna gudun kilomita 800 ko fiye a sa'a guda, ashe rabin sa'a ya ishe su. A takarda haka ne, amma al'amarin jirgi ba ya bin wannan ƙiyasi, domin gudun nan ba ya samuwa sai bayan ya cira ya kai maƙurar hawansa, inda iska ta yi shara-shara ba ta tokare shi. Kafin nan sai ya gangara zuwa bakin titin tashi, ya dakata sai ma'aikatan hasumiya sun ba shi izini, ya yi hawa a hankali. Can kuma tun da sauran nisa zai fara rage gudu yana saukowa, wani lokaci har ya yi kewaye don ya fuskanci iska, gama jirgi ya fi son tashi da sauka iska na bugun goshinsa. Saboda haka a gajeriyar tafiya galibin lokacin hawa da sauka ne ke cinye shi, har abin ya tasam ma sa'a guda. Balle in hunturu ya kama, hazo ya rufe sarari matuƙi bai hango titin sauka ba: ran nan fasinja sai ya yini a zaune da jakarsa.

Fuƙaha'unmu na Malikiyya sun ƙaddara masafar ƙasaru da mil 48, abin da ayari kan yi kwana biyu yana ci, ga shi yau jirgi na shafe ta kafin mutum ya gama shan shayi.

Tun watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka Kano daga Alƙahira, Gusau kuwa rabonta a wancan zamani jirgin ƙasa ne, wanda ya iso a 1927. Rashin babban filin jirgi ya sa shekara da shekaru maniyyacin da ya fito daga Tudun Wadar Gusau, ko da Jidda ya nufa, sai ya fara shan tafiyar mota ta fiye da kilomita 200 zuwa filin jirgi na Sultan Abubakar III a Sakkwato, ga rami, ga shingayen jami'an tsaro, ga fargabar 'yan bindiga. A 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da ginin babban filin jirgi a Gusau. A ganina fa'idarsa ba ta wajen zuwa Sakkwato take ba, gama kilomita 180 da ɗoriya ne kawai ta sama, jirgi bai gama hawa ba zai fara saukowa. Inda zai yi rana shi ne hanyar Abuja da Legas, da kuma jigilar alhazai.